Kallon Tsuntsaye a Bakin Gonar Mai Gadi

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka yi mini ƙarin girma a ofis. Aka ba ni teburin Baturen da nake yi wa akawu, da kujerarsa mai juyawa, da hutun mako biyu wanda ban san abin da ake yi da shi ba. Mu a gidanmu ba a hutu. Mutum ko yana aiki, ko yana kwance ba lafiya, ko ya tafi gaisuwar mutuwa. Amma ranar da Baturen zai tafi ya bar mini abu biyu: madubin hangen nesa mai igiyar fata, da wani littafi mai hotunan tsuntsaye wanda gara ta fara ɗanɗana bayansa. Shekara shida ina ganin yana ɗaukar su ya nufi wajen Bagudo, ya dawo fuska ja wur yana ba ni labarin agwagin ruwa kamar wanda ya gano danginsa. Da na gaji teburin sai na ɗauka har wannan yana cikin gadon. Na ce tunda mulki ya dawo hannunmu, to kallon tsuntsaye ma ya dawo.

Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne lokacin da yake tafiya. Shi da rani yake zuwa, ruwa ya ja baya, an kwashe amfanin gona, fadama ba kowa sai shanun Fulani. Ni kuwa a ƙarshen damina aka ba ni hutun, na karɓa hannu biyu, har da godiya.

Mota ta sauke ni a Bagudo. Daga nan aka ɗora akwatina a kan jaki, ni kuma na bi da keken aro, har wani bariki da ke kan tudu tsakanin hanyar Bahindi da bakin kogi. Ɗakuna biyu ne na ƙasa masu rufin ciyawa, an shafe su da farar ƙasa, ga baranda tana kallon fadama. A ciki akwai gadon ƙarfe, da gidan sauro da ya sha faci har ba a gane asalin yadin, da randa, da wata kujerar zane mai naɗewa wadda zaman Turawa ya riga ya yi wa rami. Na zauna cikin ramin na ji ya yi mini yawa, amma na ce a hankali zan cika shi.

Mai gadin barikin tsoho ne dogo siriri, da can kuku ne na Turawa. Ya tare ni cikin rigar kaki wankakkiya, ya rusuna ya karɓi hulata da sandata kamar ƙwai. Na ce masa Baba, ya ce mini ranka shi daɗe, ga shi ya girmi mahaifina. Ban hana shi ba, don gaskiya abin ya yi mini daɗi. Kullum sai ya dafa mini kaza fara fat ba yaji, da dankali, da wani abu mai zaƙi mai rawa a faranti, don abin da ma'aikaci ke ci ke nan tun da aka gina barikin. Ina zaune ina fama da wuƙa da cokali mai yatsu, ƙanshin miyar kifi yana tasowa daga ɗan gidansu da ke bayan katanga. Girman kai bai bar ni na ce a zubo mini ba.

Daga barandar, idan ka miƙe ido ƙasa, gonarsu ce ta farko a bakin fadama. Shinkafa ce, ta yi kai ta sunkuya, saura kamar kwana goma a sa mata lauje. Ita ce abincinsu na shekara, don abin da ake ba tsohon na gadi bai wuce gishiri da kananzir ba. Ɗansu guda ne, ya tafi cin rani kudu shekara uku bai dawo ba, saboda haka su biyu ne rak a kan gonar, shi da matarsa. Shi yana hidimar bariki, ita tana tsaron shinkafa. A tsakiyar gonar an kafa wata rumfa mai tsayi a kan ƙafafu huɗu, igiyoyi sun fita daga gare ta ko'ina, an rataye musu gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Tun gari bai gama wayewa ba tsohuwar take hawa, ta ja wannan igiya, ta ja waccan, tana zagin tsuntsaye har kakanninsu, ba ta sauka sai rana ta faɗi. Gajeruwa ce baƙa, muryarta ta fi jikinta girma.

A nan dole in faɗi abin da ya fi ci mini rai a duk labarin. Ni ɗan manomi ne. Kafin a kai ni makarantar kwana na hau irin wannan rumfa, na ja irin waɗannan igiyoyi har tafin hannuna ya yi kanta. Babu wanda zai koya mini abin da gwangwani ke yi a gonar shinkafa. Amma shekara goma sha wani abu ina sa takalmi da safa, kuma ashe safa tana toshe wa mutum kunne.

Kwana biyun farko ban ga komai ba. In fito da sassafe da shayina, in daidaita madubi a kan zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, in buɗe littafi ina neman shafinsa, sai gwangwanaye su ɗauka kacau-kacau, tsohuwa ta kwarma ihu, zalɓen ya kwashi ƙafafunsa ya yi gaba. Haka jinjimi, haka kirinjijiya. Akwai wasu gauraki biyu da nake jin kukansu can ƙasan fadama, na ƙwallafa rai in gan su kusa, amma ko tudun ba su dosa. A ɗan littafin da na saya musamman don rubuta abin da na gani, shafi na farko balbela ce kawai, wadda ko a bayan ofishinmu akwai ta.

Rana ta uku, Baba yana kwashe kwanukan karin kumallo, na ce masa, cikin Hausar littafi da na koma yi tun da na zama babba, "Baba, wannan ƙarar gwangwani ba za a iya rage ta ba? Duk abin da na sa wa ido sai ya tashi."

Ya tsaya da tire a hannu. Ya dubi gonar, ya dubi madubin da ke rataye a wuyana, sannan ya ce, "An gama, ranka shi daɗe."

Iyakar maganar ke nan. Ban ba da umurni ba, ban ɗaga murya ba, kuma na daɗe ina riƙe da wannan a matsayin hujja. Da hantsi na ji murya ta tashi daga bayan katanga, tata sama tasa ƙasa, na ce rigimar tsofaffi ce, kowane gida da irin tasa. Na sa hulata na gangara bakin kogi, don na shirya da wani mai jirgi zai kai ni yawo.

Mai jirgin mutumin Dandi ne, kakkaura, Hausarsa tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ya gaishe ni da fofo, sannun yarensu, ya zaunar da ni a tsakiyar kwalekwale a kan ƙullin ciyawa. Ilminsa na tsuntsaye ya fi na littafina nesa ba kusa ba, sai dai shi kashi biyu ya raba su: wanda ake ci da wanda ba a ci. In nuna masa dinya, ya ce ana ci, akwai mai. In nuna kwasakwasa, ya ce ƙarni. Da na nuna masa hoton gauraka a littafi ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wa ya kama ta ta tsaya haka har aka zana. Muka yi ta tafiya sama, muka bar babban ruwa muka shiga wani rafi mai ciyawa, sai ya nuna mini wata bishiyar giginya ya ce daga nan Faransa ce. Na gyara masa, na ce Dahome, su ma sun sami mulkin kai kamar mu. Ya ce ya ji an faɗa. Surukansa suna can, kasuwarsa tana nan, kuma har yanzu bai ga wanda ya zo ya ce masa ya canja hanya ba.

Da la'asar, muna shirin juyowa, ya ɗaga sandar tuƙi ya nuna gabas. Na ɗauka hayaƙi ne wani ya sa wa daji wuta. Sai hayaƙin ya lanƙwasa, ya miƙe, ya sake lanƙwasa, ya zubo cikin ciyawar rafin har karan yana karyewa. Janbaki ne, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen nan masu jan baki, sun dawo makwancinsu. Na tashi tsaye don murna saura kaɗan in kifar da mu.

Mai jirgi ya ce, "Zamna, Malam. Wanga ba abin kallo na ba. Nan suka kwana, can wajenku suka cin abinci. Gonad da babu mutum bisa, kahin hantsi sun sani."

Na rubuta maganarsa a ɗan littafina, don ta yi mini kama da abin da ake rubutawa.

Washegari na fito baranda na ji duniya tsit. Kai, ban taɓa jin daɗin safiya irin wannan ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Raɓa a kan ciyawa, kogi yana ƙyalli can nesa, shayi da zafinsa. Zalɓe ya tsaya har na gama karanta shafinsa. Zakaran ƙeƙuwa ya zo yana tafiyarsa ta mai jiran a biya shi gaisuwa. Can sai ga gaurakin nan biyu sun sauka a gefen gonar, suna taku ɗaiɗai da tukkunsu, har namijin ya buɗe fukafukai ya yi 'yar rawa. Na cika shafi uku kafin azahar. Na ce lallai Bature ya san abin da yake yi, mu ne muka zauna cikin ni'ima ba mu sani ba.

Tsohuwar ba ta bar gonar ba. Rumfar kawai ta bari. Na hango ta cikin shinkafa, ruwa har gwiwa, ta cire mayafinta tana kaɗawa. In 'yan tsuntsaye sun sauka gabas ta yi gabas, kafin ta isa sun koma yamma, ta juyo. Bakinta a rufe, matar da muryarta ke kaiwa Bahindi. Wani lokaci ta tsaya ta ɗaga ƙafa ta cire matsattsaku ta yar. Duk wannan na gan shi da kyau, don madubin Bature ba ya ɓoye komai. Abin da na ce a raina shi ne, ashe ana iya yin aikin nan ba hayaniya, mutanenmu ne dai da son surutu. Har sau biyu na yi tsaki don ta shiga tsakanina da gauraka.

Kwana uku aka yi haka. Kullum 'yan tsuntsayen suna ƙaruwa, daga tsiraru suka zama garke, ni kuwa ina rubuta ƙaruwar tasu kamar wani ci gaba da aka samu a ƙarƙashin sabuwar gwamnati. Baba yana kawo abinci a kan lokaci, yana goge mini takalmi. Na lura ba ya kallon wajen fadama in ya fito barandar, yana ajiye tire ne da bayansa a can, amma na ɗauka ladabi ne.

Safiya ta huɗu suka zo gaba ɗaya. Rana ta ɗan ɗaga, ina zuba shayi, sai haske ya rage kamar hadari ya taso. Na ɗaga kai na ga abin da na gani a rafin Dahome, amma yanzu a kaina yake, ya taho daga yamma ya rufe rabin sama. Sauran gonakin fadamar duk suka ɗauka da gwangwani da ihu da majajjawa, garken ya doshi wannan a kore shi, ya doshi waccan a kore shi, ya yi ta kewaya. Gona ɗaya ce shiru a duk faɗin wurin. Suka zubo mata kamar an juye buhu.

Na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Abin da Bature ya shekara shida yana zuwa bai gani ba, ga shi ni na gani a hutuna na farko. Na ji ba zan iya kallo ni kaɗai ba, sai na ƙwala wa Baba kira. Ya fito daga kicin yana goge hannu. Na cire madubin daga wuyana na rataya masa, na nuna masa inda ake murzawa, na ce, "Duba, Baba, duba ikon Allah."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya sa a ido, ya daɗe yana kallon gonarsa. Sannan ya cire, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya miƙo mini. Ya ce, "Suna da kyau, ranka shi daɗe."

Na karɓi madubin. Sannan kunnena ya buɗe na ji ƙarar da ke tasowa daga gonar, wata 'yar ƙara mai kama da ana suya a nesa, ta dubban bakuna suna fasa ƙwaya. Na san ƙarar nan. Ina ɗan shekara bakwai na taɓa yin barci a kan rumfa na farka da ita, kuma na tuna fuskar mahaifina a ranar. Na mayar da madubin ido, wannan karon ba tsuntsu nake nema ba. Tsohuwar tana zaune a kan kunyar gona, mayafin a cinyarta, ta daina kaɗawa.

Ban san lokacin da na gangara tudun ba. Na faɗa cikin ruwa da takalmi da safa, na haye rumfar ina ihu, na kai hannu ga igiyoyi na tarar an kwance su, gwangwanayen an tara su a kwando an rufe da tabarma, don kada iska ta kaɗa su ta dame ni. Na ɗauki kwandon gaba ɗaya ina girgizawa, ina zagi da bakin garinmu wanda na ɗauka na manta. Suka tashi, suka yi sama, suka kewaya suka sauka a ɗaya gefen. Sai da maƙwabta suka ji gonar ta yi magana suka kawo gudummawa da majajjawa, sannan garken ya haƙura ya yi gaba. Lokacin rana ta kusa tsaka.

Na bi gonar ina taɓa kan shinkafar. Daga nesa tana nan tsaye kamar ba abin da ya same ta, amma in ka murza sai ƙaiƙayi. Wanda ba su cinye ba sun kakkaɓe shi cikin ruwa. Wajen rumfar da gefen tudu ne kawai aka sami abin da ya tsira.

Kunya idan ta yi yawa fushi take komawa, kuma fushin ba ya neman mai laifi, mai rauni yake nema. Na hau tudu na sami Baba na rufe shi da faɗa. Na ce don me bai gaya mini ba? Shi ba shi da baki ne? Ni dodo ne? Kalma ɗaya da ya faɗa ai da na janye maganata.

Ya bari na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, wanda yar riga ni gadin wanga bariki, zakara nai yay yi cara da asuba, wani Bature bai ji daɗi ba. Bai yi hwaɗa ba, shi ma. Cewa yay yi ko ana iya ragewa. Wata bai ƙare ba anka kawo ni."

Na ce ai wannan zamanin Turawa ne, yanzu mu ne.

Ya ce, "Shi na na gani. Bature in ya tahi ya tahi, bai san sunan kowa ba. Kai ko namu na, ka san hanyag gidan kowa." Ya ƙara da cewa, "Na auna, ranka shi daɗe. Shinkahwa ta bana ɗai ta. Barikin ga in ya kuɓuce, babu na baɗi."

Tun daga ranar da aka sauke tutar Turawa nake yi wa mutane jawabi a kan cewa tsoro ya ƙare, ga shi tsoho ya auna ni da Bature ya ga ni na fi abin tsoro, kuma lissafinsa ba inda ya karkace.

Sauran kwanakin hutuna a kan rumfa na yi su. Na ɗaura igiyoyin da hannuna, ashe ƙullin bai bar yatsuna ba. Tsohuwar ba ta hana ni ba, ba ta kuma yi mini sannu ba. Ta hau ta zauna a gefe guda, ta ba ni igiyoyin yamma, in na yi sanyi ta ce, "Ja, ɗan nan, ba takarda ta ba." Labari ya bazu cewa wani babban ma'aikaci yana korar tsuntsaye a gonar mai gadi. Mutane suka riƙa tsayawa a kan hanya suna kallona, masu zuwa kasuwa har da sauke kaya. Wani ya zo daga wajen mai gari yana tambaya ko sabon tsari ne gwamnati ta fito da shi, a sanar da talakawa. Wanda ya fi kowa shan wahala Baba ne. Ganin ma'aikaci a kan rumfa ya fi asarar shinkafar tayar masa da hankali, don a ganinsa wannan ne zai jawo a kore shi. Ƙarfe huɗu na yamma sai ga shi cikin ruwa, ya naɗe wando, tire a sama da kai, ya kawo mini shayi da ɗan tsumma a kan butar.

Aka yanke abin da ya rage kwana biyu kafin in tafi. Gonar da aka ce bara ta cika musu rumbu, bana jaki ɗaya ya kwashe ta a sawu biyu. Na yi wa Baba maganar in taimaka, ya firgita ya ce ko alama, in aka ji mai gadi ya karɓi wani abu a hannun baƙon gwamnati ai ya gama yawo. Bayan na koma na aika da buhun dawa ta hannun wani direba, na ce a ce daga ɗansu ne. Ban san ko ya isa ba, ban kuma san ko sun yarda ba. Na faɗi wannan ne don in ɗan wanke kaina, kuma na san bai wanke ba.

Ranar tafiya, an ɗaure akwati a kan jaki, Baba yana riƙe mini da keke, sai tsohuwar ta fito daga bayan katanga da ɗan ƙulli a farin ƙyalle. Al'adar wurin ce ma'aikaci ba ya barin bariki hannu wofi, ko kaza, ko ƙwai, ko busasshen kifi, wani abu dai na sallama. Ta miƙo mini na ji nauyinsa da ɗuminsa. Shinkafar ce. Ta turara ta, ta shanya, ta surfe, kwana biyun nan da nake jin turmi yana tashi a bayan katanga ashe tawa ake yi.

Na mayar mata da sauri. Na ce, "Inna, don Allah ki rufa mini asiri. Wannan ba zan iya karɓa ba."

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a maida ta. Abin kunya na gare mu."

Na ce kunyar ai tawa ce. Na ce su dubi abin da ya rage musu, ga rani mai tsawo a gaba. Na yi ta magana, kuma ina jin kaina ina komawa Hausar ofis. Ita dai tana tsaye da ƙullin a hannu tana kallona, ba fushi a fuskarta, kallon da ake yi wa yaron da ya yi ɓarna ya zo yana kuka ya fi mai kaya.

Da na gaji na yi shiru ta kama hannuna ta ɗora mini ƙullin, ta naɗe yatsuna a kai. Ta ce, "Amshi, ɗan nan. Kowa ya ci, kai ɗai ka rage."

Na amsa. Na rataye ƙullin a ƙahon keke, muka yi sallama, na bi bayan jakin. Har muka kai Bagudo yana bugun gwiwata, ban gyara shi ba.